Ɗakin amarya a gidan haya: a aika igiya kafin a je wa kafinta

*Assalamu alaikum Anti. Ni mazauniyar wani ƙauye ce a ƙasar Gumel, ɗana ne ya rubuta min wannan a wayarsa. Akwai yarinyar da nake riƙo, 'yar yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Tana shekara 6 Allah ya yi wa uwar rasuwa, uban kuma dama ya riga ta. An sa bikinta bayan kaka. Yaron ɗan garinmu ne amma a Kano yake, yana tuƙa adaidaita sahu, ya kama ciki da falo a wajen Rimin Kebe. Ƙanwar maigidana ta je ta gani, ta dawo ta ce ɗakin kamar akurki, bangon ciki kuma ya jiƙe daga ƙasa har fenti na ɓarewa.*

*Na daɗe ina tari. Kwalla da samira da tasoshin uwarta suna nan, na yi adashi, ina da tumaki 4. Amma ba za su kai saitin da ake yayi ba, wato babban gado, sif mai ƙofa huɗu, madubi, cikakken saitin kujeru da dibaida (kabet ɗin ado na falo). Bara aka kai 'yar kishiyata nan cikin gari da duk waɗannan. Baffannin yarinyar sun ce a jinginar da gonar da ta gada a wajen ubanta a cika kuɗin. In na rage kaya za a ce don ba ni na haife ta ba, na yi mata riƙon sakainar kashi. In na saya kuma ban san inda za a zuba su ba. Wallahi barci ya gagare ni. Ki ba ni shawara.*

*Innar amarya, daga ƙasar Gumel*

Wa alaikumus salam, uwar amarya. Allah ya jiƙan yayarki da mijinta, ya saka miki da alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Kafin a yi zancen kafinta, balle na gona, a fara aika igiya Kano. Ƙanwar maigidanki da ido ta auna ɗakin, kafinta kuwa ba ya aiki da "ƙarami ne" ko "babu laifi". Ki tashi shi ɗan naki, ki ba shi tef ɗin tela. In babu, ko igiyar guga ta isa, a riƙa yi mata ƙulli. Ya auno tsawo da faɗin ciki, ya auno na falo, da faɗin kowace ƙofa da tsayinta, da inda taga take, da inda soket yake. Ya kuma lura da hanyar shiga gidan tun daga bakin titi. Unguwanni irin su Rimin Kebe yawancinsu awon igiya ne, akwai lungun da mota ba ta shiga sai dai 'yan dako su ɗauka a ka, akwai kuma soron da kujera mai cin mutum uku ba ta iya shan kwanarsa ko an tsayar da ita a tsaye. Amare nawa aka kwana da kujerunsu a tsakar gidan haya ana jiran kafinta ya zo ya ɓalle hannu ɗaya.

In ya dawo da awon, ki share tsakar gidanki, ki ɗebo toka ki zana ɗakin a ƙasa daidai yadda yake, da gurbin ƙofa da na taga. Sannan ki samo kara ki kakkarya shi daidai girman kowane kaya, ki jera a ciki. Bari in ba ki lissafin da nake tsammanin za ki tarar. Ɗakunan irin waɗannan gidajen, in an yi sa'a, ƙafa 12 ne da 12, da yawa kuma 10 ne da 12, don mai gida so yake fili ɗaya ya haifa masa ɗakuna da yawa. Mu ɗauka 10 da 12 ne. Katifar babban gado ƙafa 6 ce da 6, in aka zagaye ta da katako da allon kai sai ta ci kusan 6 da rabi a faɗi, kusan 7 a tsawo. Sif mai ƙofa huɗu ba ta kasa ƙafa 6 a faɗi, zurfinta ƙafa 2. Haɗa 7 da 2, an cinye 9 cikin 12. Saura ƙafa 3, a nan ƙofar ɗaki za ta buɗe, a nan ƙofofin sif za su buɗe. A gefen gado saura ƙafa 3 da rabi, a nan ake so a cusa madubi da kujerarsa, da durowar gefe, da akwatunan lefe. To ki shiga cikin zanen nan da kanki ki nemi inda yarinya za ta shimfiɗa sallaya ta yi sujada ba tare da ta bugi katako ba.

Falo ma haka. Doguwar kujera kusan ƙafa 7 take ci, mai cin mutum biyu kusan 5, ƙananan biyu kowace kusan 3, kuma kowace ta fito daga bango kusan ƙafa 3. In aka sa su suna kallon juna a falo mai faɗin ƙafa 10, abin da zai rage a tsakiya ƙafa 4 ne. A ɗora tebur a wurin, shi ke nan, sai tafiya a karkace. Dibaida ko kada a fara zancenta.

In kin gama zanen, ki aika a kira baffanninta da matansu, har da ita abokiyar zaman taki, a ce su zo su tayaki shawara. Kada ki yi dogon bayani. Ki bar su su taka cikin tokar su gani. Abin da za ki kwana uku kina faɗa ba a ji ba, ƙafar mutum za ta faɗa masa nan take. Ɗakin 'yar kishiyarki a gidan gado yake, inda fili ba abin damuwa ba ne, kuma ba za a wayi gari a ce ta tashi ba. Wannan kuwa haya ce ta shekara.

Akwai kuma abin da ke kanki kin sani game da falon ɗan ƙauye a birni. Daga ranar da aka kai yarinyar nan, gidanta ya zama masaukin garinku. Mai zuwa asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a nan zai kwana, da mai jinyarsa. Mai zuwa Kwari sayen kayan sallah a nan za ta yada zango. Ɗalibi mai jarrabawa, haka. Ke da kanki in kin je dubiya ina za ki kwanta? Falon da aka cushe da kujeru ba ya kwanar da baƙo ko ɗaya, amma mai kujera biyu da sarari a tsakiya yana ɗaukar mutum huɗu a kan tabarma da 'yar katifa. Don haka ni abin da zan saya shi ne doguwar kujera ɗaya da ƙarama ɗaya, ko biyu in awo ya yarda, da darduma mai kyau, da tum-tum guda biyu ko uku waɗanda za a jingine a kusurwa in an tashi. Talabijin a kafe ta a bango. Tebur ƙarami mara nauyi wanda yarinya za ta iya ɗagawa da hannu ɗaya.

Yanzu bangon nan, don ya fi komai damuna a wasiƙarki. Alhamdulillahi da aka gan shi yanzu da damina. Da sai bayan kaka aka je, iskar hunturu ta busar da shi, an shafa fenti, da ba wanda zai sani sai watan Agusta mai zuwa, ranar da amarya za ta buɗe sif ta tarar atamfofin lefenta sun yi fumfuna. Danshi iri-iri ne, kuma kowane da maganinsa. In jiƙar ta taso daga ƙasa ta tsaya wajen gwiwa ko ƙugu, da wani farin gishiri-gishiri a kanta, to ruwan ƙasa ne yake hawa, galibi don ba a shimfiɗa leda a harsashin ginin ba, ko kwata na bin jikin bangon ta waje. In bango ɗaya ne kawai kuma bayansa banɗaki ne, a nemi bututun da ya fashe ko tayil ɗin da ya buɗe. In tabon daga sama yake, silin ya yi zane-zane masu launin ƙasa-ƙasa, kwano ne ke yoyo, wannan shi ya fi sauƙi. Ɗanki ya manna 'yar leda mai faɗin tafin hannu biyu a wurin, ya rufe gefenta duka da salatif, a bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru ta cikin ledar, daga jikin bangon ruwan yake fitowa. Ya kuma zagaya bayan gidan ya ga inda indararo ke zuba, ya tambayi matan gidan ko ruwa na shigowa tsakar gida in an yi mai ƙarfi. Masu haya ba sa ɓoye wa juna irin wannan.

Fenti ba ya maganin danshi. Fenti mai mai ma ƙara ɓata lamarin yake, don yana kulle ruwan a ciki har ya kumbura ya ɓare. Takardar bango da 'yan mata ke gani a waya kuwa wata biyu ta yi yawa. Tayil yana ɓoyewa, amma sau da yawa ruwan sai ya haura ya fito ta samansa. Gyaran gaskiya shi ne a fara toshe inda ruwan ke fitowa, a yi wa bangon dakalin siminti ta waje mai gangara, a sassaƙe filastar ciki har sama da inda tabon ya tsaya, a sake ta da siminti da aka haɗa da garin nan mai hana ruwa ratsawa (masu kayan gini a Ƙofar Ruwa sun san shi), a bar ta ta bushe makonni, sannan a shafa fenti mai ruwa. Shi ya sa aikin nan na yanzu ne, ba na satin biki ba.

Kuma ba naki ba ne. Muhalli a wuyan miji yake. Ke suruka ce, ba za ki tari yaron da wannan magana ba, sai maigidanki ko babban baffanta ya yi wa manyansa magana cikin mutunci: a gyara bango kafin a kawo kaya. Shi kuma ya zauna da mai gidan, a rubuta a takarda cewa abin da ya kashe za a cire a kuɗin haya, da shaidu, in da hali a gaban mai unguwa. Maganar baka da mai gidan haya ba ta kai shekara. In mai gida ya ƙi, birkila kuma ya ce ruwan ƙasa ne mai yawa, gara yaron ya haƙura da la'adar da ya ba dillali ya nemi wani ɗakin. Asarar la'ada ta fi sauƙi a kan asarar kayan ɗaki da tarin jariri.

Wannan ya kawo mu ga katako. Yawancin saitin da ke ɗaukar ido a bakin titi da MDF ake yin su, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da fata mai sheƙi. Yana da kyau a ido, yana da nauyin tsiya, kuma maƙiyinsa ruwa. Ko mofa aka riƙa gogawa a gindinsa sai ya kumbura ya fara zuba. Sannan ba ya son kwancewa: an kwance sau ɗaya an ɗaura, ramin sukuru ya buɗe, a na biyu ƙofa ta fara leƙe. Mai haya kuwa dole wata rana ya tashi, ko an ƙara kuɗi, ko mai gida zai aurar da ɗansa. Don haka ki ce wa kafinta ƙashin gado da na sif jan katako busasshe kike so, allunan jiki filawud mai kauri, haɗin kuma na noti wanda ake kwancewa da sifana. A yi musu ƙafafu su tashi daga ƙasa kamar yatsu huɗu zuwa tafin hannu, yadda tsintsiya za ta shiga, ruwa kuma ba zai taɓa su ba. Ɗanyen katako ma a kiyaye shi, yana bushewa yana murɗewa.

Gado a yi mai katifa ƙafa 4 da rabi, ko 5 in ɗakin ya ɗauka, da allon kai siriri, ba irin mai tudun nan da ke cin wuri yana tara ƙura ba. A ɗaga shi yadda akwatunan lefe za su shige ƙarƙashi, ko a yi masa manyan durowoyi biyu. Kuɗin da aka rage a kwalliyar gado a zuba shi a katifa, don ita ce za a kwanta a kai shekara da shekaru. Sif mai ƙofa biyu ko uku, amma doguwa har kusa da silin, tunda sama ba a biyan mata haya. A manna dogon madubi a jikin ƙofarta, kin huta da saitin madubi gaba ɗaya. Kayan shafa kanta biyu a bango sun ishe su. Sif ɗin kada a jingina ta da bangon da ya taɓa jiƙa, ko an gyara, kuma a bar tazara tsakaninta da kowane bango don iska ta ratsa. Kada kuma a kuskura ta rufe taga. Zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40, a ɗakin da ke da taga ɗaya tal, ga kwano a sama, ga wutar da ba a san lokacin zuwanta ba.

Kujera kuwa ba a sayenta daga sama. Ki sa a kifa ta. A ɗaga ƙyallen da aka rufe gindinta da shi, ki leƙa. In kika ga guntayen farin katako an harhaɗa da ƙusa, wani ma da ɓawonsa, ki wuce. Ki danna soson da gwiwar hannu, in ya lotsa har kin ji katako, ko ya daɗe bai dawo ba, damina ɗaya zai yi. Yadi mai duhu-duhu ya fi fatar roba, wadda zafi ke sa ta saɓule. In na hannu za a saya, kuma ba abin kunya ba ne, a haska tocila a kowane saƙo a nemi kuɗin cizo da baƙin kashinsu.

Inda za a yi aikin, ni na fi son a Kano, kusa da gidan, ko da kafintanku na Gumel ya fi sauƙi. Na kusa shi zai zo ya auna da kansa, ya kafa, in ƙofa ta sauka a kira shi. Katako yana nan a 'Yan Katako na Na'ibawa da na Rijiyar Lemo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ɗauko kaya daga Gumel, a biyo ta Gezawa, zai iya cinye rangwamen, ban da gogewa da karyewa a hanya. Kada a ba kafinta kuɗi duka. Kafin alƙalami, sannan wani kaso in an ga ƙashin aikin kafin a rufe shi, cikon sai kaya sun shiga ɗaki. Ranar da za a faɗa masa ta riga ranar jere da sati uku, don bayan kaka kowa biki yake, kuma "gobe in sha Allahu" ta kafinta kin san tsawonta.

Sauran kwalliya ba ta da tsada. Fenti mai haske, fari ko ruwan madara, yana buɗe ɗaki. Labule launi ɗaya da zanin gado, a ɗaura ƙarfensa kusa da silin ya sauko har ƙasa, ɗakin sai ya yi kamar ya ƙara tsawo. Yadinsa a Kwari, mara nauyi wanda za ta iya wankewa da kanta in ƙurar hunturu ta cika shi. Kafet daga bango zuwa bango ban ba da shawara ba, ƙura da danshi yake riƙewa. Leda ta fi, amma sai daɓen ya bushe sarai. Raga a taga, gidan sauro a gado, ƙugiyoyi a bayan ƙofa don hijabi. Kafin a sayi firji a tambayi maƙwabta awa nawa suke ganin wuta. In ba ta zama, fanka mai caji da 'yar sola da ƙwai biyu sun fi mata amfani nesa ba kusa ba.

Kwalla da samira. Na san shekarun da kika yi kina tara su, kuma a zamaninmu su ne asusun mace. Amma amaren birni sun daina jera su, ɗakin ma ba shi da bangon da zai ɗauki kabet. Ki zaɓar mata abin da za ta yi girki da shi kullum, tukwane huɗu ko biyar, kuloli, faranti, kofuna, bokitai da robobi, waɗanda Ƙofar Wambai ta fi arha a kansu. A bar wa duro da jarkoki wuri, don a can ruwa sayensa ake a wajen 'yan garuwa, jarka mai lita 25. Tasoshin uwarta dabam ne. Ki ba ta biyu ko uku ta tafi da su, a yi musu kanta a sama. Sauran su zauna a ɗakinki da sunanta har Allah ya ba su gida mai faɗi.

Abu uku ki ja mata kunne a kai, tunda ba ta saba da rufaffen ɗaki ba. Kada ta shigar da kurfoti ciki da sanyi ta rufe ƙofa, iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta wari amma tana kashewa cikin barci, haka ta janareta. Tukunyar gas ta zauna a kicin ko inda iska ke wucewa, a riƙa duba tiyo da ruwan kumfa, ba da ashana ba. Ƙwayar nan da kuke jefawa a buhun wake kuwa kada ta taɓa shiga ɗakin kwana da sunan maganin ɓera ko kuɗin cizo, ta hallaka iyalai.

Sai gona. A'a, uwar amarya. Kada ki sa hannu. Da farko ma ba taki ba ce, ba ta baffanni ba ce, ta yarinyar ce. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i cewa ta yi in marayu sun isa aure, aka ga hankali a tare da su, a miƙa musu dukiyarsu, a kuma kafa shaidu. Ba a ce a mayar musu da ita kujeru ba. Kin fi ni sanin yadda jingina ke ƙarewa a ƙauye: wanda ya ba da kuɗi yana nomawa yana kwasa, shekaru na tafiya, kuɗin fansa ba sa haɗuwa, ƙarshe a ce a cika masa a bar masa. Gonar da ke ba da gero da riɗi kowace kaka, ƙasarta kuma kullum ƙara daraja take, a musanya ta da kayan da ranar da aka fitar da su daga shago sun rage kuɗi. Mijinta tuƙi yake, yau samu gobe rashi, mashin na iya lalacewa, mai shi na iya karɓewa. Buhun geron da zai riƙa zuwa mata daga gonarta shi zai sa ta zauna da mutuncinta a gidan hayar nan. Malamanmu na Malikiyya ma abin da suka ce, amarya ta yi kayan ɗaki gwargwadon sadakin da ta karɓa bisa al'ada, ba a wajabta mata abin da ya wuce shi ba. Baffan da ya matsa lallai sai an cika saiti, ƙofa a buɗe take, ya kawo gudummawa daga aljihunsa. Ki dai lura da wanda ya fi kowa zaƙewa a kan jinginar, ki bincika ko shi ne mai karɓa.

Tumakin ma ban so a kai su Maigatari ranar Alhamis a sayar duka ba. Biyu su tafi in adashi bai isa ba, biyu su zauna a matsayin nata. In akwai rara, keken ɗinki ko wani abin sana'a ya fi dibaida, kuma wurin da za su ci kusan ɗaya ne.

Ita yarinyar fa, an tambaye ta? Ban ji muryarta a wasiƙarki ba. Wataƙila ta ƙwallafa rai a kan ɗakunan da take gani a TikTok, wataƙila kuma kunya ce ta hana ta cewa kada a taɓa gonar ubanta. Ki kira ta ku biyu da dare, ki shigar da ita cikin zanen tokar, ki faɗa mata kuɗin da ke hannu ba ɓoye-ɓoye. Ki bar mata zaɓin launi, da yadin kujera, da fasalin gado. In da bakinta ta ce haka take so, rabin surutun ya mutu.

Ɗaya rabin ba zai mutu ba, kada in yaudare ki. Ko da tirela kika kai ta akwai wadda za ta ce katifar ba ta da kauri. Abin da za ki iya shi ne ki hana a yi miki ƙarya. Kwana biyu kafin jere ki fito da komai tsakar gida a gaban dangin uba da na uwa: abin da zai tafi Kano, abin da zai zauna a ajiye, tumakin da igiyarsu, keken, da maganar gonar, wa zai noma ta, nawa za a riƙa ba ta. A rubuta, liman ko mai gari ya sa hannu, a ba ta kwafi, ki riƙe ɗaya. Wadda ta zo da gori bayan wannan, ki ce mata kayan marainiya ne, ga takarda, ta ƙirga.

Ranar jere kada a cika mota da mata goma sha. Huɗu masu hannu sun isa, da ita ƙanwar maigidan naki tunda ta san gidan. Kafinta ya riga su isa ya kafa gado da sif, don 'yan jere in suka tarar da wuri babu tsari, duk abin da ya zo hannu turawa suke inda ya samu shiga. A ba su zanen a takarda. Kafin kafinta ya karɓi cikonsa a buɗe kowace ƙofa da kowace durowa a rufe, a hau gadon a ji ko yana ƙara, a karɓi lambar wayarsa, sannan a ce ya bar sifanar da ta dace da notin gadon a cikin durowa, don ranar tashi.